Buta ta Biyu

Kwana biyu da Adawiyya ta haihu akwatin ya fara tsiya.

Ɗan ƙaramin akwati ne baƙi, bai fi faranti ba, yana kan kanta a ɗakin Inna Siddiƙa, gaban jeren kwanukanta. Masu kebul suna ce masa modem. Fitilu huɗu gare shi. In huɗun nan suka tsaya kore shar, Inna za ta ga fuskar 'yarta a waya kamar tana tsakar gida. In ta ukun ta kama ƙyaftawa, shi ke nan, sai dai ta yi ta kallon fuskar kanta a gilashi.

Unguwarsu can gefen Daura take, ta hanyar Mai'adua, cikin kwari. Sabis ɗin waya ba ya shiga gidajen. Mai son kira sai ya fita bakin titi, shi ma murya kawai, tana yi tana yankewa. Shi ya sa da aka ja kebul a unguwar, daga falwaya zuwa falwaya, surukinta Saminu ya sa aka ja mata har ɗaki, aka haɗa mata da 'yar sola don kada rashin wuta ya hana.

Adawiyya ita ce auta, ita kaɗai ce mace. Yayyenta maza biyu suna Kano da iyalansu. Ita kuma aure ya kai ta Fatakwal, inda Saminu yake harkar shanu. An shirya tsaf in cikin ya shiga wata tara za a kawo ta gida ta haihu a gaban uwarta, ta yi wankan jegonta na kwana arba'in. Inna ta tara itace, ta wanke babbar tukunya, ta daka gero, ta sayi kanwa. Sai Allah ya yi ikonsa, haihuwa ta zo a wata takwas. 'Ya mace, 'yar mitsitsiya. Likita ya ce ba tafiya. Ita kuma Inna gwiwoyinta ba za su ɗauki kwana biyu a mota ba. Ga itace a jibge a tsakar gida, ga mai jego a can bakin teku, cikin mutanen da ba ta jin yarensu, daga ita sai maƙwabciya ɗaya, wata ma'aikaciyar asibiti da ke leƙo ta in ta taso aiki.

Sai suka yi shawara. Safe da yamma Adawiyya za ta jingine waya a jikin bokiti, Inna tana kallo tana faɗa mata. Ga yadda za ki tallafe wuyan. Taɓa ruwan da gwiwar hannu tukuna. Kada ki jiƙa cibin. Yarinyar ko riƙe jariri ba ta iya ba. In ta ga uwarta sai ta nutsu.

To lokacin wankan nan ne fitila ta uku take kama ƙyaftawa.

Inna ta ɗauki mayafi ta taka a hankali har shagon masu kebul. Abdulbaƙi ta tarar, wanda ke gyaran layin unguwar. Magidanci ne, dogo, da furfura ɗai-ɗai a gemu, kullum tsani ɗaure a bayan babur. Ya san marigayi mijinta, Malam Nu'uman, tun yana auna hatsi a kasuwa.

Da hantsi ya zo. Ya yi sallama, ya cire takalmi, ya tsaya gaban kanta. Fitilu huɗu kore shar.

"Inna, ai lafiyarsa ƙalau."

"Yanzu dai. Ɗazu da safe kamar mai ciwon ido."

"To tsorona yake ji ke nan."

"Kai dai duba, ban kira ka wasa ba."

Ya kwance wayar kebul ɗin daga bayan akwatin, ya ɗaura ta a wata 'yar na'ura da ya ciro daga jaka, ya ce da ita ake auna ƙarfin sigina. Ya kalli lambobin ya taɓe baki. Ba laifi, in ji shi, ya ɗan yi ƙasa amma ba abin da zai sa ya ɗauke. Ya yanke kan wayar ya sa sabo. Ya hau falwaya ya duba can ma. Ya sauko ya karkaɗe hannu.

"In ya ƙara, ki aiko."

Wa za ta aika?

Da la'asar ya ƙara. Washegari da asuba ya ƙara. Adawiyya ta yi wankan 'yar ita kaɗai tana kuka, ta faɗa wa uwarta daga baya, da akwatin ya ga dama ya dawo. Inna ta sake ɗaukar mayafi.

Wannan karon Abdulbaƙi ya zo da wani akwatin daban, ya sauya. Ya ce in nata ne mai ciwon, an rabu da shi ke nan. Ya leƙa gidan Dabo mai gyaran keke da ke jikin nata, su da suke kan layi ɗaya, suka ce nasu ko gezau. Ya dawo ya tsuguna a bakin ƙofar ɗakinta.

"Inna, gyara irin wannan shi ya fi wuya. Abin da ya mutu gaba ɗaya, nan da nan ake gano shi. Mai zuwa yana dawowa shi ne ɗan banza. Sai kin taimake ni. Ƙarfe nawa yake ɗaukewa?"

"Ni ina na san ƙarfe? In na idar da asuba, babu shi. Sai rana ta ɗaga ya dawo."

"Sai kuma?"

"Azahar ya tafi, amma ba ya daɗewa. La'asar ya tafi. Daga magariba kuwa har na kwanta ba na ƙara ganinsa."

Abdulbaƙi ya kwashe da dariya. "Ikon Allah! Inna, akwatin nan naki ya fi wasu mazan unguwar nan kiyaye jam'i."

"Allah ya shirye ka."

Amma dariyar ba ta daɗe ba. Ya miƙe ya fita tsakar gida yana bin wayar da ido. Daga falwaya ta tsallako katanga ta gefen zaure, ta gangaro jikin bango, ta shige ƙasa. Ba ta sake fitowa ba sai a gindin tagar Inna. Ya ce wanda ya ja layin tun farko ya bar aikin, amma ya san halinsa, yakan binne waya a gidan da ake kiwo don kada awaki su tauna. Ya bi gindin katangar yana taka ƙasa da ƙafa. Bazara ce, rairayin ya bushe ƙamas, har yana ƙona tafin ƙafa.

"A ina kike alwala?"

Ta nuna masa bakin rariya, can ɗaya ɓangaren, nesa da wayar.

"Nan gefen fa? Ana zuba ruwa? Wanke-wanke, ko wanki, ko wani abu?"

Inda ya tsaya, kusa da ƙafarsa, akwai wani faffaɗan dutse da ya sha zama har ya yi sulɓi. Inna ta kalli dutsen ta kau da kai.

"A'a."

"Ko kaɗan?"

"Na ce maka a'a. Ni kaɗai ce a gidan, wa zai zuba?"

Ya sosa gemu. Ya ce to bari a ga abin da sabon akwatin zai yi, in bai yi ba sai ya nemo doguwar waya daga Katsina, don tone tsakar gidan mutane kan zato ba daɗi. Ya tafi.

Inna ta zauna a kan tabarma. Ta yi ƙarya, da girmanta, da carbi a hannu. Ta yi istigfari ya fi a ƙirga.

Ga yadda abin yake. Shekara arba'in da ɗaya, duk kiran sallah, buta biyu take cikawa. Tata ta kai bakin rariya, ta Malam ta ajiye masa gefen dutsen nan, inda yake tsugunawa. Malam ya rasu bara waccan da damina. Hannunta bai ji labarin rasuwar ba. Sai ta ɗebo ruwa, ta cika, ta ajiye, ta juya, sannan ta tuna. Farko-farko takan tsaya ta yi kuka. Daga baya ta daina kukan, cikawar ce ba ta daina ba. In ta idar da sallah ta fito, ga buta cike tana jiran mai ita. Mayar da ruwan cikin randa ya gagare ta, kamar ta ce masa tashi ka ba ni wuri. Sai ta tsiyaye shi a gindin dutsen, a hankali, yadda ƙasar za ta yi duhu kamar wani ya gama alwala yanzu-yanzu. In ta shiga ɗaki ta waigo, gidan sai ya yi kamar na mutum biyu.

Ba wanda ya sani. Ta san ba ibada ba ce, ba ta kuma taɓa cewa yana amfanar mamaci ba. Addu'a take masa kamar kowa. Amma in maganar ta fita, wata ta ce tsohuwa ta fara taɓuwa, wata ta ce bidi'a take a ɓoye. In ta kai kunnen 'ya'yanta na Kano, mota za su turo a kwashe ta, a rufe gidan.

Ita mace ce mai yanke magana. Ta ce a ranta, in dai ruwan nan ne, ba sai an tona ba, ni zan gyara abina. Ta ɗauki butar Malam ta kife ta a bayan randa.

Azahar ta yi, ta cika buta ɗaya. La'asar, ɗaya. Fitilu huɗu kore shar. Adawiyya ta jingine waya, Inna ta ga jikarta tsirara cikin baho, 'yan ƙafafu kamar na ɗan tsako.

"Tallafi wuyan, ke! Ba buhun gero ba ne."

"Inna, santsi take."

"Duk haka suke. Ke kin fi ta, sau biyu kina kuɓuce mini."

Adawiyya ta yi dariya, karo na farko tun da ta haihu. Bayan an shirya jaririya, ta yi nata wankan, Inna tana jiyo ƙarar ruwa tana ta faɗa: ki gasa bayanki da kyau, ki sha kunun da zafinsa. Ranar har bayan magariba suna hira.

Sai dai da aka kashe waya, Inna ta leƙa tsakar gida. Gindin dutse a bushe fari fat. Ta saki labule da sauri. Tuwon da ta tuƙa ma ba ta iya ci ba, ta rufe shi.

Kwana ɗaya da yini ta yi a haka.

Ranar kwana shida da haihuwa, ta tashi da asuba da ciwon kai. Ta ɗebo ruwa, ta yi alwala, ta yi sallah, ta yi lazimi. Gari ya yi haske ta fito. Sai da ta ji sanyin ruwa ya fantsar mata a yatsun ƙafa sannan ta ga abin da ke hannunta. Butar Malam ce, ta kusa ƙarewa. Yaushe ta ciro ta daga bayan randa, yaushe ta cika, wallahi ba za ta iya cewa ba.

Waya ta yi ƙara a ɗaki. Ta jefar da butar ta shiga.

Fuskar Adawiyya ta cika gilashin, ido jawur. "Inna, cibin ya faɗi! Akwai jini, Inna, ga shi a jikin riga. Saminu ya tafi mayanka, maman nan ta asibiti ba ta dawo ba..."

"Tsaya. Nutsu. Nuna mini in gani."

Hoton ya juya. Zanin gado, gwiwar Adawiyya, gefen tawul, ɗan cikin jaririya yana sama yana ƙasa. Hannu ya zo zai ɗaga rigar. Sai komai ya tsaya cak. Hannun ya daskare a wurin. Inna ta ɗaga kai. Ta ukun tana ƙyaftawa.

Ta danna, ta sake dannawa. Ta cire wayar wuta ta mayar, yadda aka koya mata. Babu. Ta fita bakin titi ko takalmi ba ta tsaya nema da kyau ba, wari da wari ta saka. Kiran ya shiga, ta ji kuka biyu, na uwa da na 'ya, ta ji "Inna, yawa ne ko..." sai ya yanke. Ko da bai yanke ba, me za ta ce? Jinin da ba ta gani ba, ta ce kaɗan ne?

Ba ta koma gida ba. Ta miƙe sai gidan Abdulbaƙi, don shago bai buɗe ba. Ta same shi a ƙofar gida da kofin koko.

"Inna! Lafiya da sassafe haka?"

"Ƙarya na yi maka."

Ya ajiye kofin.

"Ana zuba ruwa. Ni nake zubawa. Gindin dutsen nan, sau biyar a yini. Butar Malam ce." Ta ja mayafi ta gyara. "Ka taso yanzu. Jikata na jini, ban gani ba."

Ya buɗe baki kamar zai yi tambaya, ya kalli ƙafafunta, ya rufe. Ya shiga gida ya fito da jaka da wani ƙullin waya a kafaɗa. Ya ce dama ya riga ya aika, jiya da yamma ta iso daga Katsina. Ya ɗora Inna a bayan babur, tsanin ya riƙe shi a gefe da hannu ɗaya.

A tsakar gida ga buta a yashe, ga ƙasa jiƙe. Ya karɓi fartanya ya sara gefen dutsen, bai taɓa dutsen ba. Sara huɗu ya kai ga wayar. Ya jawo ta sama, sai ga wani ƙulli an naɗe da leda da baƙin salatif. Ya warware. Ruwa ya ɗigo. Ƙarfen ciki ya yi kore, ya yi tsatsa.

"Kin gani? Waya ce ta gaza wa wanda ya ja layin, ya yi ƙari, ya binne. Ba a binne mahaɗi, ko a littafin wa. In ruwa ya shiga nan, sigina sai ya watse. Rana ta busar da shi, ya ɗan dawo. Ko ba ke, damina na zuwa da ya mutu gaba ɗaya."

"Ni dai yi sauri."

Ya kafa tsani. Ya kwance tsohuwar daga falwaya, ya ɗaura sabuwa, ya bi da ita ta saman katanga yana buga 'yan ƙusoshi, ya zagayo ta ƙarƙashin indararo, ya shigar ta saman taga. Guda ɗaya tun daga sama har ɗaki, ba ƙari. Inna tana tsaye riƙe da ƙafar tsani, ko da bai ce ta riƙe ba. Bakinta yana motsi da addu'a. Kowace ƙusa ji take kamar shekara.

Ya shiga ɗaki ya auna. Ya ɗaura a bayan akwatin. Fitila ta farko ta kama. Ta biyu. Ta ukun ta yi ƙyaf, ƙyaf, ƙyaf, har Inna ta dafe kanta. Sannan ta tsaya. Ta huɗu ta biyo.

Abdulbaƙi ya tattara kayansa. Ya mayar da ƙasar ramin ya daddanna da ƙafa. Daga bakin zaure ya ɗaga murya, bai juyo ba.

"Inna, waya ta bar ƙasa. Tsakar gida taki ce, ki zuba ruwanki inda kika ga dama. Ni dai mahaɗi na gani ya yi tsatsa, shi zan faɗa a shago."

Tana jin tashin babur ɗinsa, hannunta yana kan waya.

Bugu ɗaya Adawiyya ta ɗauka. Muryarta ta dashe.

"Nuna mini," in ji Inna. "Matsa kusa da taga. Riƙe wayar da kyau, daina rawa."

Ta kawo fuskarta dab da gilashi ta ƙura ido. Ɗan cibi, ja kaɗan a tsakiya, jinin ya riga ya bushe. A jikin rigar ɗigo uku, ba su kai ƙwayar wake ba. Gefen bai kumbura ba.

"Sunkuya ki shinshina. Yana wari?"

"A'a."

"Jikinta da zafi? Ta kama nono?"

"Ba zafi. Ta sha ɗazu."

"Alhamdu lillahi. Ba komai, haka yake yi in ya faɗi. Kada ki shafa masa komai, ki bar shi ya sha iska, ki sassauta kunzugun. In matar nan ta dawo ki nuna mata, ita ma ta gani da idonta. Share hawayen, ke uwa ce yanzu."

Adawiyya ta share, wasu suka zubo. "Na ɗauka mutuwa za ta yi, Inna. Na yi ta kira."

"Na sani."

"Me ya samu abin?"

"Ruwa ne ya shiga waya. An gyara. Ɗora ruwan wanka."

Aka yi wankan jaririya, aka shafa mai, aka naɗe ta. Mai jego ta yi nata, ta sha kunu Inna tana ƙirga mata ludayi. Suka yi maganar suna gobe, wa zai zo, wa ba zai zo ba. Ba mutane da yawa ba ne. Maganar ta ƙare.

"To, je ki kwanta," in ji Inna.

"Inna, kada ki kashe."

"Me za ki ce kuma?"

"Ba komai. Ki bar shi dai a kunne."

Adawiyya ta ajiye wayar a kan gado ta kwanta gefen 'yarta. Inna ba ta ganin kowa yanzu, sai silin fari da fanka tana juyawa a hankali, a ɗakin da ba ta taɓa shiga ba. Tana jin hon ɗin motocin garin, da wata mata can waje tana tallar wani abu da yarensu. Can ta fara jin numfashin 'yarta ya yi nauyi, da wani ɗan ƙarami a ƙarƙashinsa, mai sauri-sauri.

Ta jingine wayar a jikin kwano. Ta jawo tiren shinkafa ta ɗora a cinya ta fara tsince tsakuwa, tana ajiye kowace ɗaya a hankali kan tabarma don kada ƙara ta tashe su.